Kundin Malamin Ayari: Inda Aiki Ya Kwana

Asabar, 13 ga Janairu, 2024

Yau na sa hannu a ɓangaren da na yi wata huɗu ina kauce masa, wato kundin wasan. Ga wanda bai san inda aka kwana ba, wasan na fatake ne: ayarin goro da ke tashi daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, cikin Ghana ta yau, wajen shekarar 1860, kuma da Godot 4.2, manhajar haɗa wasanni, nake gina shi don wayoyin Android. Tafiya ta zauna, ciniki a zango ya zauna, jakuna suna gajiya suna kwanciya a hanya yadda ya kamata. Abin da babu shi ne inda mai wasa zai koma ya karanta labarin abin da ya tsinta.

Na zana fasalin farko a bayan wata tsohuwar kalanda. Shafi 60, kashi huɗu: Garuruwa, Mutane, Haja, Labarai. Duk shafin da ba a buɗe ba yana ɗauke da hoton kwaɗon kulle ƙofa da alamar tambaya uku, a can sama kuma an rubuta 0/60. Ban ƙirƙiro komai ba. Tun Pokédex na 1996, kundin halittun wasan Pokémon mai gurbi 151, haka ake yi: a nuna wa mutum ramuka, shi kuma ya yi ta cikewa. Kowane shafi fayil ne mai zaman kansa da ke riƙe da take, rubutu, hoto da sharaɗin buɗewa. Na yi guda shida na gwaji na kwanta.

Lahadi, 21 ga Janairu

Haruffa masu lanƙwasa sun cinye min mako guda. Na samo wani zubin haruffa mai kama da rubutun hannu, ya yi kyau a kwamfuta, ina ta murna. Da na tura wasan waya, sai “ƙwarya” ta fito da wani ɗan akwati a gaba mai ɗauke da 0199, lambar ƙ ke nan a tsarin Unicode. Ashe zubin ba shi da ƙ, ba ɗ, ba ɓ. Kwamfutar ce take aro daga wani wuri tana rufa masa asiri. Na koma Andika, wanda SIL, wata ƙungiyar nazarin harsuna, ta yi don masu koyon karatu. Ba shi da kwalliya, amma harafin da ka nema yana nan, kuma lasisinsa ya yarda a sa shi cikin wasa kyauta.

Sai jeri. Na ce a jera min shafukan Haja da na Garuruwa bisa abacada, sai ga Ƙwarya ta koma bayan Zango, saboda na'ura lambar harafi take dubawa, kuma lambar Ƙ ta fi ta Z nesa ba kusa ba. Na rubuta nawa jerin da hannu: ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k. Batun 'y da ƴ kuwa, na bar 'y irin ta Najeriya a rubutu, amma akwatin bincike yana karɓar duka biyun, don wanda ya yi makaranta a Maraɗi ko Damagaram da ƴ ya saba.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Na rubuta shafi 22, kuma ina jin duk sai na zubar da su.

Ƙanwata na ba wayar da daddare. Ta bi ayari har aka yi fito a kogin Kwara, kundi ya yi ƙara ya nuna sabon shafi, ta buɗe, ta kalli layin farko, ta rufe. Haka ta yi sau bakwai. Na ce, “Ke ba kya karantawa ne?” Ta ce, “Yaya, wannan ai darasin tarihi ne. Na gama jarrabawa.” Na karɓi wayar na karanta da idonta, na ga gaskiyarta. Shafin Nikki ya fara da cewa gari ne a ƙasar Bargu da ke cikin Jamhuriyar Benin ta yau. Ba ƙarya a ciki, amma wa ke magana? Mutumin da ke bin jaki a 1860 bai san wata jamhuriya ba, ya dai san an ce kada ka yi barci mai nauyi a Bargu.

Na zauna na sake duba yadda wasu wasannin suka yi. Kundin Mass Effect na 2007 irin nawa ne, murya ce daga sama mai sanin komai, kuma ya yi musu daidai domin duniyar kwamfuta da jiragen sama jannati ce. Dark Souls ba shi ma da kundi; labarinsa yana cikin bayanin takobi da zobe, layi uku ko huɗu, sauran kai za ka haɗa. Wanda ya tsaya min a rai shi ne Hades, inda Achilles ne marubucin kundin, yana da waɗanda yake so da waɗanda yake jin nauyin ambata, har kana karantawa kana gane halinsa. Abin da nawa ya rasa ke nan, ba shi da mai shi.

Kuma mai shi yana nan cikin ayarin tun farko, ni ne ban kula ba. Babban ayari yana da madugu, yana da jagaba mai wucewa gaba, yana da uban dawaki, sannan yana da malami mai duba ranar tashi, mai addu'a, mai rubuta abin da ya kamata a rubuta. Daga yau kundin nasa ne. Abin da bai gani ba zai ce “an ce”, abin da ya ƙi jini zai nuna, garin da aka cuce shi kuma ba zai yabe shi ba.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Gajeren bayani, don ƙwallon da Kwaddibuwa ta ci mu 2 da 1 a wasan ƙarshe na gasar kofin Afirka ta tafi da sauran kuzarina.

Na cusa sabon shafi, Gabu, busasshen ganyen albasa da fatake ke kaiwa kudu, tsakanin shafi na 8 da na 9. Nan take duk tsofaffin ajiya, wato fayilolin da ke riƙe inda mai wasa ya kwana, suka rikice: wanda ya buɗe Kanwa sai ya tarar da Jan Fata. Laifina ne, domin lambar matsayi nake adanawa, ba sunan shafi ba. Yanzu kowane shafi yana da suna na dindindin, irin haja_kanwa da gari_yandi, su ake rubutawa a fayil ɗin ajiya, tare da lambar sigar fayil ɗin a samansa don gaba. Gara da abin ya faru yanzu da mutum uku ne kawai ke da wasan.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Na je kasuwar goro ta Mariri da ke Kano wajen Kawu, wanda ya fi shekara talatin yana wannan sana'a. Na daɗe ina jin nauyin nuna masa, don a wurinsa wasan waya aikin marasa aiki ne. Na karanta masa shafin Goro da muryar malamin, inda na ce an ɗaure huhu a Salaga, an ɗora wa jakuna, ba a kwance ba sai Kano.

Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce, “Kai yaro, wa ya gaya maka? Wanda ya yi haka ai taki zai kawo gida.” Ya jawo wani huhu, ya kwance igiya, ya ɗaga ganyen a hankali kamar mai buɗe wa jariri zane. Ya zuba goron a faifai yana juya shi da yatsa, bai ma duba sosai ba, sai ya tsamo ɗaya ya miƙo min. Ni ban ga komai ba. Ya fasa shi da farce, ga wata 'yar hanya baƙa ta ratsa ciki. “Sankara ke nan. Ka bar wannan ɗaya, kwana kaɗan ka rasa ƙwarya guda.” Ƙwarya goro ɗari ce. Ya ce duk 'yan kwanaki sai an kwance, a tsince, a yayyafa ruwa, a canja ganyen da ya bushe, kuma aikin da ake yi a zango ke nan bayan an sauke kaya, ba hira kaɗai ba.

Na ce, “Kawu, to ku da ido kuke ganewa ko da hannu?” Ya ce da nauyi, kuma ba abin da za a rubuta a takarda ba ne. Daga nan baki ya buɗe: marsa manya, minu ƙanana, daushe wanda ya kwana shekara tsofaffi ke nema, fari da ja da wanda ake kaiwa neman aure, da bambancin goron Gwanja mai ɓari biyu da hannunruwa mai ɓari uku ko fiye. Na cika shafi huɗu na littafina.

A hanyar dawowa na gane cewa shafin Goro ba zai buɗe gaba ɗaya a lokaci guda ba. Wasan Hollow Knight yana da irin wannan: ka kashe halitta sau ɗaya ka sami sunanta da bayani, ka ƙara kashewa har adadi ya cika sannan ka sami ra'ayin maharbin. Ni ba na son ƙidayar maimaici, ina son abin da ya sami mutum ya zama mabuɗi. Don haka shafin ya zama hawa uku. Sayen goron farko yana buɗe sunaye da farashi da wuri. Kwance huhu a zango yana buɗe yadda ake kula da shi. Sakin layi na uku, na sankara, ba ya fitowa sai ka yi sakaci ka yi asara, kuma a nan malamin yake rubuta cewa ya faɗa ba a ji ba. Wanda ya kula da kayansa tun farko ba zai taɓa ganin wannan ba, kuma na yarda da hakan.

Asabar, 9 ga Maris

Gwaji da mutum biyar a shagon wani abokina mai gyaran waya. Na zauna a baya na yi shiru, wanda shi ne mafi wuya.

Muryar malamin ta yi aiki. Wani ya yi dariya a shafin Sansanin Mango inda malamin yake mitar kuɗin da aka karɓa kafin a bar su su wuce, har ya karanta wa na kusa da shi. Amma 17/60 da ke sama ta ɓata komai. Mutum biyu, da suka lura da ita, sai suka daina tafiya suka koma taɓa kowane dutse da kowace bishiya a allo, ko za ta koma 18. Ɗaya ya tambaye ni kai tsaye, “Malam, ina sauran suke? Ka faɗa min in gama.” Bai karanta ko ɗaya ba. Hoton kwaɗon ma ba ya gaya wa kowa komai sai cewa akwai abin da ba ka da shi.

Na cire lambar, na cire kwaɗon. Dabarar da na ɗauka ta kundin jirgi ce a wasan Outer Wilds na 2019, inda wurin da ba ka je ba yake bayyana a matsayin jita-jita da ke rataye da wurin da ka ji ta. A nawa, shafin da ba a buɗe ba ba ya wanzuwa sam, sai wani ya ambaci abin a gabanka. Idan wata mai tuwo a zangon Jugu ta ce a Salaga ruwa ma saye ake, sai malamin ya buɗe sabon shafi da layi ɗaya: “An ce garin rijiyoyi ne, amma ruwa da kuɗi. Sai mun gani.” Sauran shafin fari fat. Wannan farin ya fi kwaɗo jan mutum, domin tambaya ce da ya ji da kunnensa, kuma ya san inda amsarta take.

Aikin da ya biyo baya ba kaɗan ba ne. Kowane shafi yanzu yana da hali uku, babu, an ji, an gani, kuma sai na bi duk hirarrakin wasan na liƙa wa kowace jita-jita shafinta. Na kuma ƙara girman maɓallan zuwa ma'aunin 48 da Android ke ba da shawara, saboda mai gyaran wayar babban yatsa gare shi, yana nufin Mutane yana taɓa Haja.

Alhamis, 14 ga Maris

Azumi kwana huɗu, ga intanet ta ɗauke saboda wayoyin ƙarƙashin teku da suka yanke. Na yi abin da ba ya buƙatarta. A tsohuwar wayata mai gigabait 2 kundin yana daskarewa in an buɗe, wani lokaci wasan ya mutu. Lissafin a fili yake: hoto mai 1024 sau 1024 yana cin megabait 4 in an shimfiɗa shi a ƙwaƙwalwa, sau 60 ya zama 240, kuma duka nake lodawa tun farko. Na rage su zuwa 512, ba a loda hoto sai an buɗe shafinsa. Ya warke.

Laraba, 27 ga Maris

Shafin da na fi tsoro: kasuwar bayi ta Salaga.

Ba yadda za a yi wasa a kan wannan hanya a tsallake shi. Salaga ba goro kaɗai ake saya a cikinta ba, mutane ma ana sayarwa, kuma ayarin da ke zuwa daga arewa yana cikin masu kawowa da masu saye. A fasalin farko na sa shi cikin shafukan ɓoye, irin waɗanda sai mai naci yake samu. Da na sake dubawa sai kunya ta kama ni. Ashe na mai da shi tukuici, abin da za ka tsinta ka ji daɗi ka cike gurbi. Yanzu yana buɗewa da kansa ranar da ayari ya shiga gari, ba ƙara, ba walƙiya, ba yadda za ka kauce masa.

Matsala ta biyu ta fi wuya. Malamin mutumin zamaninsa ne. In na sa masa maganar ɗan jami'a na yau, ƙarya na yi. In na bar shi ya lissafa farashin mutane kamar na kanwa ya wuce, ban san abin da na miƙa wa yaro ɗan shekara goma sha huɗu ba. Kwana uku ina juya abin bayan tarawihi. Mafitar daga tsofaffin littattafan zaure ta zo, waɗanda za ka ga wani ya bi gefen shafi da ƙaramin rubutu yana ƙari ko gyara. Na ƙara hannu na biyu a kundin: jikan malamin, wanda ya gāji takardun, yana rubutu a gefe da jan tawada bayan shekaru masu yawa. Malamin ya rubuta abin da ya gani a busashe, har da yarinyar da ya ce ba ta daina kallon hanyar arewa ba. Jikan ya rubuta a gefe cewa kakarsa ba ta taɓa faɗin sunan garinsu ba, kuma sai da ya karanta wannan shafi ya daina tambaya.

Jan hannun ya warware min wata matsalar da ban nema ba. Shi ya san abin da ya faru daga baya: Turawan Ingila sun ƙone Kumasi, babban birnin daular Asante, a 1874, ikon Asante a kan Salaga ya karye, goro ya koma Kintampo, yaƙin basasa na 1892 ya watse garin har 'yan kasuwa suka koma Kete-Krachi, sannan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya ƙarasa kashe doguwar hanyar. Duk abin da na so in faɗa a shafukan da ƙanwata ta rufe ya sami wurin zama, a bakin wanda ya dace ya san shi. Har maganar littafin Tarihin Kano cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, jikan ne yake kawo ta, yana gyara wa kakansa da ya ce hanyar ta fi kowa tsufa.

Rubutun gefe ba ya fitowa sai an kai Kano an sauke kaya. Wanda ya sake buɗe kundin bayan ya gama wasan zai tarar da shi ya canja.

Asabar, 20 ga Afrilu

An sha Sallah, an dawo. Taken kowane shafi yanzu yana da ajami a samansa, da zubin Alkalami na SIL wanda aka yi shi bisa rubutun Kano. Godot 4 yana iya jera rubutu daga dama zuwa hagu da kansa, don haka wahalar ba ta na'ura ba ce, tawa ce: na kai wa wani malamin allo na unguwarmu takardar ya gyara min wasulla a take 14 cikin 41.

E, 41. Shafukan sun ragu daga 60, domin duk wanda na rasa wanda zai ambace shi a hanya, ko na rasa abin da malamin zai ce a kansa ban da bayani, na cire shi. Kashin Labarai ya tafi gaba ɗaya, ya narke cikin sauran.

Lambar ƙidayar shafukan nan kuwa ta dawo ta ƙofar baya. Wanda ya ce in faɗa masa ya gama ya sake gwadawa, ya ce rashin sanin abin da ya rage yana hana shi sakewa, kuma na ga ba shi kaɗai ne mai irin wannan hali ba. Na sa ta a shafin ƙarshe na kundin, bayan an kammala tafiya, malamin ya rubuta adadin abin da ya ji labari bai gani ba. Ban gamsu ɗari bisa ɗari ba, amma na bar ta haka zuwa gwaji na gaba.

Ƙanwata ta kai Yandi jiya. Ta turo min saƙo da daddare tana tambaya ko malamin nan yana da mata a Kano, don ta lura duk garin da aka sauka sai ya yi maganar shuni da turkuɗi. Ban taɓa tunanin haka ba. Na buɗe sabon fayil, mutum_uwargida, ban rubuta komai a ciki ba tukuna.

Saura: hoton shafi 9, sautin buɗe takarda wanda yanzu yake kama da yage leda, da komawa Mariri ranar Talata, don Kawu ya ce abin da na rubuta a kan daushe ma akwai gyara.